Yadda Za Ka Buga Waƙar Zagin Kwamanda a Antwerp Kanka Bai Bar Wuyanka Ba

Kai da wannan takarda ta faɗo hannunka, ka taki sa'a. Ni ne Goris Wuyts, mai maɗaba'ar da ke bakin layin masu ɗab'i. Ko sunana ban iya karantawa, amma na ga bayan masu ilimi da yawa a sana'ar nan: wani an rataye shi, wani ya tsere ta kogi da takalmi ɗaya. Ni ga ni, haƙora sun tafi, kai yana nan. Bi matakan nan, na yi maka alkawari a kan gadonka za ka mutu.

Mataki na 1: Kada ka koyi karatu

Karatu ke kashe mai ɗab'i. Wanda ya san abin da ya buga, fuskarsa ce ke tona shi. Ni na buga kalandar manoma, littafin girki, addu'o'i, maganin basir, da wani littafin Latin mai kaurin burodi, duk da fuska ɗaya. Da nauyi nake gane littafi mai kyau.

Mataki na 2: Auri matar maigidanka

Bayan ya mutu, mana. Maigidana marigayi Lieven ya bar injin matsa takarda, da akwatunan haruffan dalma, da Tanneken. Na haɗa duka. Ita ke karatu, ita ke jera haruffa, ni ina jan sandar inji ina yin suna. Haka ake raba aiki.

Mataki na 3: Karɓi aikin da kowa ya ƙi

Wani mutum ya zo da hula har hanci, ya ajiye waƙar da ke zagin kwamandan sojojin Sifen da ke garinmu. Wai hancinsa kan shiga coci ran Asabar, shi ya iso ran Lahadi. Tanneken ta karanta, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta share hawaye ta ce, "Maigida, igiyar rataya ce wannan."

Na ce, "Jera."

Mataki na 4: Ƙaura da littafin zuwa wani gari

A shafin farko kada ka kuskura ka sa Antwerp. Sa "An buga a Emden, a gidan Klaas Tibbe." Emden gari ne mai nisa da hannun Sifen bai kai ba. Ba a taɓa haifar Klaas Tibbe ba, don haka wuyansa ba ya ciwo. Cusa takardun a ganga, ka rufe da kifi mai gishiri. Soja ba ya son warin kifi a safar hannunsa.

Mataki na 5: Amma kada aikinka ya fita ba alama

Ina da wani katako da aka sassaƙa zakara a kai, wanda nake bugawa a ƙarshen kowane littafi nawa. Wutsiyarsa ta tsage tun da daɗewa, tsagar kuwa tana fitowa fara tas a takarda. Duk layin sun roƙi aronsa, don mu masu ɗab'i muna ba juna aron katako kamar yadda mata ke aron gishiri. Ni ban taɓa bayarwa ba. To, aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata, sai ya tafi da sunan mutumin da babu shi? Na bari Tanneken ta tafi kasuwa, na soka zakarana a shafin ƙarshe.

Mataki na 6: Zama mai kyauta

Waƙa ta cika gari. Masu wanki na rerawa, masu kwalekwale na amsawa. Kwamanda ya rantse sai ya ga mai ɗab'in yana lilo a dandalin kasuwa. Ran nan Tanneken ta dawo da kwafi ɗaya da ta gani wajen mai sayar da cuku, ta manna min shafin ƙarshe a fuska.

"Tsohon nan, na kai ka Emden, ka dawo da ƙafarka?"

"Ai ya yi kyau, uwargida."

"Zai fi kyau a kan kabarinka."

Ta sunkuci katakon ta sa a kwando, ta bi layi ƙofa ƙofa: "Ga zakaran da kuke roƙo, maigida ya yi laushi." Na bi ta ina kururuwa har tsakiyar titi. Wannan duk cikin dabarata ne, don kada a ce da gangan muka yi.

Mataki na 7: Tarbi mai bincike da giya

Kafin wata ya ƙare sai ga Yallaɓai Anthonis de Pape, mai binciken littattafai na hukuma, da sojoji a bayansa. Ya shimfiɗa kalandata ta bara da waƙar gefe da gefe. Zakara biyu, tsaga ɗaya.

Ya ce, "Baba Goris, zakaranka ya iya tafiya. Har Emden?"

Na juya na kalli Tanneken. Wannan ma dabara ce.

Tanneken ta ajiye masa kofin giya. "Ranka ya daɗe, ɗan littafin addu'ar da ke aljihunka, sabo ne?"

"Makon jiya na saya."

"A duba mana ƙarshensa."

Ya duba. Zakara, da tsagarsa. Ta nuna takardar da ke hannun soja, sanarwar hukuma ta haramta waƙar, wadda mai buga wa hukuma ya fitar. A gindinta, ƙarƙashin maganar rataya, zakarana ne tsaye yana cara.

Yallaɓai ya daɗe yana kallo. "Su wa da wa ke da katakon nan?"

Tanneken ta ce, "Duk layin, ranka ya daɗe. Yau nan, gobe can. Wa ya san inda ya kwana bara? In rataya ce, a ƙaro igiya, a fara da mai buga muku."

Ya shanye giyar, ya tura sojoji waje. A bakin ƙofa ya rage murya: "Baitin nan na hanci da coci, an ce akwai na biyu?"

Na ce, "Sai a tambayi Klaas Tibbe."

Zakarana bai dawo ba. Yanzu yana kan littafin kowane ɗan iska a garin nan, har na maganin kwarkwata, kowa na cewa nasa ne. In na wuce shagunansu nakan kau da kai.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan aka rataye ka, kada iyalinka su zo min ƙofa. Wataƙila ka koyi karatu a ɓoye, ko ka auri wadda ba Tanneken ba. Ni ban san abin da ke cikin takardar nan ba, ban iya karatu ba. A Emden aka buga ta. Zakaran da ke ƙasa kuwa, na kowa ne.