Rasuwar Kambas Mai Kuka a Ƙafar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin ƙafa mai cike da bororo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kambas ɗina na gudu, fari a ƙuruciyarsa, ruwan ƙasa a ƙarshen rayuwarsa. Ya cika jiya da safe a kan hawan da ke bayan gidan mai.

Aikina a shagon buga takardu shi ne buga wa mutane irin wannan sanarwa. Ba wanda ya koya mini, a gaban na'urar na koya, kuma na san tsarin: a yi ta jera wa mamaci laƙabi har layi ya ƙare a gangaro na ƙasa. To, marigayin nan ba dokta ba ne, ba injiniya ba, bai taɓa shugabantar kwamitin komai ba. Tambarin da ke gefensa ma tuni ya ɓare.

Asalinsa na Yayana ne. Kullum da sassafe Yaya yake fita gudu, ina ƙarama ina binsa a baya ina haki, yana waiwayowa yana mini gwalo. Da na girma na bari. Marigayi yana da lalura tun haihuwa: ƙafar hagunsa tana kuka. Ƙiit, taf, ƙiit, taf. Da wannan kukan Umma take sanin Yaya ya fita, sai ta tashi ta ɗora masa ruwan shayi.

Da Yaya ya rasu, aka tura kambas ƙarƙashin gadonsa, Umma kuma ta daina tashi da safe. Sai rana ta ɗaga tana kwance, fuskarta a bango. Magani ya yi nasa, 'yan nasiha sun yi nasu.

Wata safiya silifas ɗina ya tsinke, ga shara zan fitar, sai na jawo kambas ɗin. Ya yi mini yawa, na cusa tsohuwar safa a bakinsa. Taku ɗaya na yi a baranda: ƙiit. Na ji gadon Umma ya motsa. Ta fito, ba ta kalle ni ba, ta wuce ta ɗora ruwa. Ni kuwa ga ni tsaye da bokitin shara, an ɗora mini ruwan mai gudu. Ba yadda zan dawo ba gumi. Na ruga. Ranar ban wuce kwanar layinmu ba, na riƙe turken wuta ina neman gafarar duk wanda na taɓa ɓata wa.

Haka muka fara. Gudun tilas ne da fari, sai wata rana a kan hawan nan ƙirjina ya buɗe, iska ta shiga har inda ban san akwai wuri ba, na kama kaina ina dariya ni kaɗai kamar lokacin da nake 'yar ficiciya. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kukan nan a ƙafata yake, amma a gabana nake jin sa. Kullum saura kaɗan in cim masa.

Marigayi ya yi zama da manya bai canza hali ba. A hanyarmu akwai ƙungiyar masu riguna masu ƙyalli, kowa da agogon da ke tabbatar masa yana raye. Shugabansu, wanda suke kira Koci ba tare da wani ya naɗa shi ba, ya taɓa tare ni ya bayyana mini cewa himma daga cikin zuciya take fitowa, kuma takalmina zai kashe mini gwiwa. Na gode masa. Tawa himmar daga ƙafar hagu take fitowa, amma ban ga amfanin musu da mutumin da ke tsayawa ɗaukar hoto a tsakiyar hawa ba.

Marigayi ya sha jinya. Da ƙasansa ya fara buɗe baki na kai shi wurin mai gyaran takalmi, wanda don kirki ya haɗa da kukan ya gyara. Washegari na fita shiru, na dawo na tarar da murhu a sanyaye, ƙofar Umma a rufe. Na koma na roƙi bawan Allah ya mayar da ciwon inda ya same shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki wuƙarsa.

Jiya ƙasan ya rabu da saman gaba ɗaya. Bai yi wasiyya ba. Ƙiit ɗaya ya yi, gajere, na ɗauko shi a hannu na dawo gida ba takalmi.

Yau da safe ban tashi ba. Ina kwance ina tunanin murhun da zai sake sanyi, sai na ji an turo ƙofata. Umma ce, da takalmin robar da take wanki da shi a hannu.

"Ke, tashi. Kin zaci ban san ke ce ba? Da can don shi nake tashi. Na daɗe ina tashi don ke. Ruwa ya kusa tafasa."

Na sa robar na fita. Robar ba ta kuka, ko kaɗan. Amma a tsakiyar hawan na ji shi sarai, ƙiit, taf, wannan karon a bayana. Ban waiwaya ba.

Marigayi ya bar igiyoyi biyu, da tsohuwar safa guda, da ni, da Umma.

Za a binne na ƙafar dama ranar Asabar da sassafe, a gindin bishiyar da ke saman hawan, inda Yaya yake juyawa. Na hagu Umma ta ce a bar mata. Babu rumfa, babu kujeru, babu hoto. Mai zuwa ya zo da ƙafarsa, a guje in da hali. Koci na iya halarta, amma ba zai yi jawabi ba. Duk wanda ya ji kukan takalmi a bayansa a kan hawan, kada ya waiwaya. Ya matsa gefe kawai, ya ba da hanya.