Yadda Ake Hana 'Ya Tuƙin Jirgin Sama

Ranar da 'yarka ta ajiye cokali ta leƙa taga don jirgi ya wuce, to gidanka ya shiga uku. Amma kwantar da hankalinka. Ga hanya tabbatacciya, wadda Moumouni mai tayoyi na nan Zango ya gwada a kan 'yarsa Adjara. Bi ta daki-daki, sai ka ga aiki.

1. Nisanta ta da filin jirgi

Tura ta Ghana wajen gwaggonta. Haka Moumouni ya yi, yarinya ta dawo Turanci na zuba a bakinta. Sai daga baya wani direba ya gaya masa cewa duk matuƙan duniya da Turanci suke neman izinin sauka. Wannan ba laifin dabarar ba ne, laifin Ghana ne.

2. Cika mata kai da lissafi

Wanda ke fama da alƙaluma ba ya kallon sama. Ɗauko mata malami har gida. Adjara ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta kuma ci ta neman tallafin karatun tuƙi, wadda ashe rabinta lissafi ne. Kada ka karaya.

3. Nemo mata ciwo

Ba a karɓar matuƙi sai likita ya duba ido da kunne da zuciya. Raka ta da kanka, ka raɗa wa likita cewa kakarta mai jiri ce. Likitan ya gama duba Adjara ya ce, "Ita garau take. Baba, kai zo ka zauna." Moumouni ya dawo gida da tabarau da maganin hawan jini, an kuma hana shi gishiri.

4. Gwada cikinta

Bayan ruwan sama, ku hau zemijan, wato acaɓa, kowa da babur ɗinsa, ku bi ramukan bayan unguwar Kégué. Ka ce wa mai tuƙa nata ya yi gudu. Idan ta yi amai, magana ta ƙare. Ka riƙe leda dai, domin Adjara ce ta riƙa shafa wa ubanta baya tana cewa, "Sannu Papa, ja numfashi."

5. Tara dattawa

Wannan ne babban makami, don a Zango ba a tsallake maganar manya. Moumouni ya shimfiɗa tabarmi, ya dafa shayi, ya ce a yi wa yarinya nasiha. Alhaji Iddi, babban cikinsu, ya gyara murya ya ce, "'Yata, da gaske ke za ki riƙa kai mutane Makka?"

"In Allah ya yarda, Baba."

"To ni kusa da taga nake so. Kuma in mun zo saman Agadez ki ɗan rage gudu, ina da ƙane a can."

Moumouni ya ce, "Alhaji, ba don wannan na kira ku ba!"

"Yi mana shiru, uban matuƙiya. Kai wa ya hana ka tayoyi?"

Aka shafa mata fatiha, aka shanye shayin.

6. Riƙe sama da kanka

Idan ta riga ta tafi makarantar, akwai ranar da malami zai sauka ya bar ta ta tashi ita kaɗai. Ta Adjara yau ce. Tun asuba Moumouni ya rufe shago ya hau saman bene, carbi a dama, waya a hagu. Makarantar tana wata ƙasa can, amma duk jirgin da ya wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali, uwata! A hankali!" Uwar yarinyar ta kai masa koko, kokon yana nan har ya huce.

Abin lura: wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da matuƙiya a gida, kada ya zo ƙofata, ni ma ina da tawa 'yar. Moumouni kuwa har yanzu yana saman bene. Wayar ba ta yi ƙara ba tukuna, kuma ba wanda ya san ko Adjara ta sauka.