Ranar da Na Soya Kakanmu

Wata biyu kacal na yi ina koyon zane da fentin mai, na yanke wa kaina hukuncin cewa na ƙware. Na je Unguwar Rimi na aro tsohon zanen marigayi Kakanmu daga falon Gwaggo Asabe, har da alkawarin zan kwaikwaye shi in kawo mata wanda ya fi shi kyau.

Malaminmu ya sha gaya mana cewa man da ake sirka fenti da shi na musamman ne. Da nawa ya ƙare, na ce ai mai dai mai ne, na shiga kicin na tsiyayo man gyaɗa.

Sati uku zanen da na yi da shi bai bushe ba. Na ɗora wa damina laifi, na lulluɓe shi da ƙyalle na kai wa Gwaggo ranar da dangi suka taru.

Ina yaye ƙyallen, sai ga kuncin Kaka ya zazzago har wuyan riga, kiyashi sun yi layi a gemunsa.

Gwaggo ta matso ta sunsuna, ta ce, "Ke 'yar nan, zana Baba kika yi ko soya shi?"

Har yau ina yin sallama a gidan wani zai ɗaga murya: "A ɓoye man gyaɗa, mai zane ta iso!"