Yadda Za Ka Ƙware a Ukulele Ba Tare da Yayanka Ya Kore Ka Ba

Ka gama sakandare, aiki bai samu ba, kana zaune a gidan yayanka kana cin abincin matarsa. Wani aboki ya tashi ya bar maka ukulele, 'yar mitsitsiyar jitar nan mai tsirkiya huɗu. Bi matakan nan. Alkawari biyu na yi maka: yatsunka za su ƙware, kuma ba za ka kwana a waje ba. An gwada hanyar a kan mutum. Auta ake ce masa, yana nan da ransa.

Mataki na 1: San matsayinka

Ɗakin da kake kwana ba naka ba ne. Sito ne aka share. Na Auta ma haka. Anti, matar yayansa, tela ce. Kekenta na matse a falo, jikin bangon siton, kuma ta daɗe tana auna ɗakin da ido. Yaya direban babbar mota ne, in ya dawo daga hanya da rana yake barci. Ƙarar keken ba ta taɓa tashinsa ba. Na matarsa ne.

Ranar da Auta ya fara taɓa tsirkiya, Yaya ya fito ido jawur.

"Me nake ji haka?"

"Ukulele ce, Yaya."

"Ban tambaye ka sunanta ba. In na ƙara jin ta, ka tattara ka koma shagon Kawu. Akwai wurin kwana a kan buhunan siminti."

Anti kuwa faɗin ƙofar ɗakin kawai ta kalla.

Mataki na 2: Toshe wa ukulele baki

Nemo safa mai kauri. Cusa ta ƙarƙashin tsirkiyoyin, can ƙasan ramin da ke cikin ukulelen. Yanzu kaɗa. Ba abin da zai fito sai caf-caf-caf, kamar ɓera a kwali. Masana sun ce kiɗan gaskiya a zuci yake. Ban san masanan ba, amma na tabbata su ma a gidan yayyensu suke zaune.

Mataki na 3: Toshe bakin malami shi ma

Darasi a waya yake. Kashe sautin, ka koya da ido. Bidiyon farko ka tsallake shi. Wani mutum ne kawai yake murɗa 'yan kunnuwan da ke kan ukulele, yana kara kunnensa, yana ta surutu. Auta ya kalli rabi ya ce wannan aikin makaniki ne, shi kiɗa ya zo koya.

Mataki na 4: Azabtar da yatsu

Yanke farcen hagu. Danna tsirkiya da tsinin yatsa, dab da layin ƙarfen da ke wuyan abin. Babban yatsa ya zauna a baya, ba shi da ta cewa. Hannun dama kuma ka sake shi, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu. Ƙasa, ƙasa, sama, sama, ƙasa. Kullum kaɗan. Fara a hankali, sauri zai zo da kansa.

Auta ya yi, har yatsunsa suka yi kanta.

"Auta, me ya samu hannunka?" in ji Anti. "Ko ka samu aiki ne kake ɓoye mana?"

"Ina kan wani abu, Anti."

Haddace amsar nan. Tana maganin tambayoyi da yawa.

Mataki na 5: Gyara fuska

Ban da murmushi. Kalli nesa, kamar wanda aka yaudara. Wannan bai ba Auta wahala ba.

Mataki na 6: Jira a nema

Kada ka roƙi a saurare ka. Rana za ta zo da Yaya zai ƙoshi da barci, ya zauna a falo, ya lura yatsunka na rawa a kan gwiwarka.

"Wai har yanzu kana fama da 'yar jitar nan?"

"Na iya, Yaya."

"Ɗauko mu ji. In ka iya, shi ke nan. In ba ka iya ba, Kawu na neman mai sauke kaya."

Mataki na 7: Zare safar

Auta ya zare. Ya gyara zama, ya gyara fuska, ya fara. Yatsun nan ba su yi kuskure ko ɗaya ba, tafiya suke kamar na mutumin cikin waya. Abin da ya fito kuwa, kyanwa ce aka rufe a bokitin ƙarfe.

Ashe tsirkiya saki take yi. Ashe kunnuwan nan da ake murɗawa su ke saita muryarta, kuma wannan tun da aka ƙera ta ba wanda ya murɗa mata. Auta bai tsaya ba. Bai taɓa jin ukulele tana waƙa ba, ya ɗauka haka Allah ya yi ta. Ya kai ƙarshe, yana kallon nesa.

Ta bayan katanga wata murya ta ce, "Maƙwabta, lafiya dai ko?"

Yaya ya daɗe yana shafa gemu. Ya buɗe baki, da alama sunan Kawu zai kira, sai Anti ta riga shi.

"Wannan ne kake yi a ɗaki kullum?"

"Shi ne, Anti."

"A'a. Na ɗaki ya fi daɗi. Caf-caf ɗin nan da shi nake taka keke. Tun da ka fara, ɗinkina bai karkace ba." Ta juya wajen mijinta. " In ya tafi, wa zai riƙe min ƙafa?"

Yaya ya kalli matarsa, ya kalli ƙaninsa.

"Mayar da safar."

Mataki na 8: Karɓi nasararka

Washegari aka shigar da keke ɗakin Auta, don Anti ta riƙa ji da kyau. Aka jingina katifarsa a bango, sai an tashi aiki a shimfiɗa. Yanzu kullum yana zaune a kan kwandon ƙyallaye yana kaɗawa. In za a yi kwana a wuyan riga Anti ta ce, "Rage gudu." In dogon labule ne ta ce, "Ƙara wuta." Ya taɓa kai hannu zai murɗa kunne ɗaya, ta ce kada ya ɓata abin da ke aiki.

Yatsu sun ƙware. Ɗaki yana nan, rabinsa. Alkawarina ya cika.

Gargaɗi

Abin da duk ya biyo baya, tsakaninka ne da yayanka. Ban san ka ba, ba ka san ni ba, safar ma ba tawa ba ce. In kuma matar yayanka keken lantarki gare ta, ka gaishe min da Kawu.