Kwana Huɗun da Na Ƙara wa Hajara

Ba zan taɓa mantawa da takabar Hajara ba, ko da yake ita ta ce ta manta. A shekarar da soja suka koma bariki ne, ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina aji biyu a makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure a Tarauni. Wanda bai yi karatu da girma ba ba zai gane ba. Ranar da na fara karanta allon bakin titi da kaina, ji na yi kamar ni na kafa unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Da ma can bakina ba ya da birki (ku tambayi mahautan unguwarmu), sai ga shi an ƙara mini da biro.

Hajara maƙwabciyata ce, gidan haya ɗaya muke. Daga wani ƙauye can wajen Rano aka kawo ta, mijinta direban bas ne, kuma a kan hanya Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da yara biyu, ba ta da kowa a birni sai mu. Ta shiga takaba: ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita. Kullum maganarta ɗaya ce, wata huɗu da kwana goman nan su cika, yayanta Sale ya zo ya mai da ita gaban mahaifiyarta.

To a makon ne Malamarmu ta koya mana ƙara wata a kan kwanan wata. Ta ce ka bar lambar ranar yadda take, ka tura watan gaba. Ni kuwa ina da sabuwar kalanda mai hoton wani kansila, irin wadda 'yan siyasa suka yi ta rabawa. Na ce yauwa, aiki ya samu. Goma ga Yuni aka yi rasuwar. Na lanƙwasa yatsu: Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba. Na ɗora kwana goma, ya ba ni ashirin ga Oktoba, ranar Laraba. Na zagaye lambar da jan biro har sau biyu.

Akwai wata tsohuwa a gidanmu, Inna Delu, mai sayar da daddawa. Ita ta yi wa rabin matan layinmu jinyar takaba. Da lokaci ya matso sai ta ce, "Hajara, ki shirya, Asabar za ki fita. Biyar ga watan azumin tsofaffi ke nan." Ashe har ta aika wa Sale ta bakin wani direba.

Na ce, "Inna, wace Asabar? Laraba dai."

Ta ce, "'Yar nan, watannin nan duk da idona na ga sun tsaya."

Na ce, "Idon da ko zare ba ya iya sa wa allura? Zamanin ƙirga da tsinke ya wuce, Inna. Ga shi nan a rubuce."

(Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in nutse. A gaban mata shida na faɗe ta.) Inna ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Sale da a-kori-kura ta aro. Mutum ne mai sanyi, manomi, ƙafarsa duk kaushi. Na tare shi a zaure da kalandata.

Na ce, "Malam Sale, ka yi gaggawa. Saura kwana huɗu."

Ya ce, "Hajiya, ai Inna ce ta aiko. Motar nan ta yau kaɗai aka ba ni. Gero na can a yashe a gona. In na koma, sai bayan kaka."

"To ka ɗauke ta, zunubin a wuyanka. Ka iya karatu? Duba nan."

Bai iya ba, kuma na san bai iya ba, shi ya sa na tambaya. Ya ƙura wa takardar ido, ya ce ko a tambayi malami. Na ce wane malami kuma bayan ga lissafi? Hajara tana bayan labule tana jin mu, kayanta a ɗaure. Da ta ji kalmar zunubi sai ta ɗaga labulen. Ta ce, "Yaya Sale, ka tafi kawai. Ba zan ɓata wata huɗu saboda kwana huɗu ba." Ya sauke mata ɗan buhun wake da ya zo da shi, ya juya.

Laraba ta zo. Na tashi da ƙarfina, na soya waina ta sadaka, na sa aka kira limamin masallacin layinmu ya yi addu'a. Ya zauna a zaure da dattawa uku, mata sun cika tsakar gida. Kafin ya ɗaga hannu sai ya tambayi ranar rasuwar. Inna Delu ta amsa daga ciki, "Saura kwana biyar Safar ya mutu, Malam."

Ya ƙirga da yatsunsa. Ya ce, "Ikon Allah. Ai baiwar Allah nan ta fita tun Asabar. Wa ya riƙe ta?"

Mai hankali da ta yi shiru. Ni fa? Na yafa mayafi na fito da kalanda kamar lauya. Na ce, "Gafarta Malam, a duba dai. Yuli, Agusta..."

Ya ce, "Hajiya, takaba da watan Musulunci ake ƙirga ta. Shi ba ya wuce talatin, wani ma ashirin da tara ne. Naki na Bature har da masu talatin da ɗaya." Ya karɓi kalandar ya matso da ita fuskarsa. "Ga shi ma an rubuta. Waɗannan ƙananan lambobin na ƙasan manyan, me kika ɗauke su?"

Wallahi ado na ɗauke su. Wata biyar ina kallonsu. Kuma don Allah ya gama tona mini asiri, sai na ji bakina ya faɗi hakan da ƙarfi: "Na zaci kwalliya ce." Wani dattijo ya sa hannun riga ya rufe baki. A tsakar gida kuwa ba wadda ta rufe nata.

Dariyar ba ta dame ni kamar fuskar Hajara ba. Sai da ta ƙara sati shida a ɗakin nan kafin Sale ya sami sukunin dawowa, tana kallon inda mijinta yake rataye rigarsa. Da na ba ta haƙuri cewa ta yi, "Ba komai, Yaya, alheri kika nufa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don zagi na san yadda ake rama shi.

Wajen Inna sai da na kwana uku kafin ƙafata ta iya zuwa. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da mulmula daddawarta, ta ce, "Tashi, 'yar boko. Ki dai dage da makarantar. Kin iya manyan, saura ƙananan."

Na dage ɗin, har na gama. Amma yanzu ko a biki aka ce mini "nan da wata uku", ba na taɓa biro sai na tambaya watan wa ake nufi. In kuma akwai tsohuwa a wurin, ita nake bari ta fara faɗa, ni in rubuta.