Farar Jif da Ba Ta Sallama

Ba zan taɓa mantawa da makon da Yaya Alhaji ya tashi sayen jif mai aiki da lantarki ba. Ko na so in manta, mutanen Kekun Waje ba za su bar ni ba.

Bari in ɗauko daga tushe, don ba na son labari a hargitse. Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan kasuwar hatsi, yana zaune a Sabon Garin Gusau. Ni kuwa direban ma'aikata ne har na yi ritaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma a danginmu ko keken ɗinki za a saya sai an ce a tambaye ni. (Ba yabon kai ba ne. To, da ɗan yabon kai.)

Yaya ya kafa sola a gidansa, wuta ta wadata, tsadar fetur kuma ta ishe shi. Sai wani dillali ya kawo masa jif biyu daga Kano ya bar su a gwada, ɗaya fara, ɗaya ruwan toka. Yaya ya ce in duba in ba shi shawara, kuma duk wadda ya saya ni zan riƙe makullinta, in riƙa kai shi kasuwar Tsafe da gonarsa ta Rawayya. Abin da nake nema ke nan. Tun da na bar aiki ban riƙe komai ba sai kan tsohon babur.

Na bi su daki-daki. Na farko, taya. Na biyu, tsayin cikinsu daga ƙasa, saboda hanyoyinmu. Na uku, buhu nawa baya zai ci. (Na buɗe gaban farar zan auna baƙin mai, na tarar da wurin ajiye kaya. Na rufe a hankali kamar dama iska nake ba shi.) Bambancin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne. Ruwan tokar in tana tafiya a hankali tana wani ɗan kuka, wai don masu tafiya a ƙasa su ji ta. Na farar an kashe shi, ko tari ba ta yi.

Hajiya Rabi, matar Yaya, ta ce ruwan toka, don ba ta nuna ƙura kuma cajinta ya fi kai nisa. Na ce fara.

"Babban mutum ba ya tafe yana kuka kamar sauro," na ce.

"Kai da ka tuƙa akwala duk rayuwarka," in ji ta, "yau kai ka ƙyamar ƙara?"

Yaya ya yi dariya, ya ce a bari sai bayan sunan jikan ƙanwarmu a Kekun Waje.

A nan sai na bayyana wani abu. Tsohuwar motar Yaya salansarta ta fashe tun ba yau ba, ya ƙi gyarawa. Tun tana nesa ake jin ta. Duk wanda ke ci a ƙarƙashin Yaya, daga masu auna hatsi har mu 'yan'uwa, da wannan ƙarar muke aiki. Ana cikin yi da shi sai a ji ta, mai gyara hula ya gyara, a koma zancen damina. Kafin ya fito an zama mutanen kirki. Ba wanda ya taɓa tsara mana haka, amma ba wanda ya taɓa saɓawa.

Ran suna na yi sammako a babur don in tsaya kan yankan rago, saboda in ban tsaya ba sai a raba nama ba tsari. Ban taɓa kawowa Yaya zai taɓa sabuwar mota ba ni a ciki ba. Da hantsi muka zauna gindin dogonyaro a ƙofar gida, na ba hanya baya. Malam Isa, limamin unguwar, ya tambaye ni wace za a saya.

Na miƙe tsaye, don bayani a zaune ba ya shiga.

"Dalili ukku ya sa dole a bi tawa. Na farko, Hajiya ba ta san mota ba. Yadda take zaɓen atamfa haka take zaɓen jif."

Aka yi dariya. Dariya kuwa ita ce fetur ɗina.

"Na biyu, shi kansa Alhaji bai iya tuƙi ba." Na ƙanƙame sitiyarin iska, na turo wuya gaba, na manna hanci a gilashin da babu, na zaro idanu. "Haka yake yi. In kaza ta gitta sai ya taka burki ya ba ta haƙuri."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na ga mutane suna gyara huluna. Wani ya fara cewa bana gero ya yi kyau. Malam Isa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, a yi salati dai."

Da mai hankali ne da ya waiwaya. Ni kuwa abin da na tsana a duniya shi ne a katse ni a tsakiyar lissafi.

"Ku saurara, ban gama ba! Na ce ukku, biyu kuka ji. Na ukku, kuma shi ne babba: a gidan nan ba Alhaji ke riƙe da sitiyari ba. Shi kujerar baya yake, Hajiya ka tuƙa shi."

Sai na ji murya a bayan kunnena, a natse.

"Malam direba, akwai na huɗu? In da saura mu jira."

Na juya. Farar jif ce, hancinta ya kusa taɓa babbar rigata, gilasai duk a sauke. Hajiya Rabi, mai maganar, ta ɗora gwiwar hannu a taga. Yaya kuwa yana ƙanƙame da sitiyari, wuya gaba, hanci a gilashi, daidai yadda na kwatanta. Abin da ya fi kashe ni ke nan, don kowa ya ga ban yi ƙarya ba, kuma ba mai ikon yin dariya. Ni ma hannuwana suna sama, ban saki nawa sitiyarin ba.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannunku da zuwa. Ya caji?"

Yaya ya fito, ya bi kowa ya gaisa, ya bar ni a ƙarshe. Ya dafa kafaɗata.

"Ƙanena, shawararka ta yi. Wagga nika saye. Shekara da shekaru ban taɓa isowa wuri na ji mi mutanena ka faɗi ba sai yau."

"Ni ma na janye tawa," in ji Hajiya. "A bar mana farar."

Na ce to, makullin fa? (I, na tambaya. Kunya ta riga ta ƙare mini.)

"Ai wanda bai iya ba shi ka buƙatar koyo," Yaya ya ce, ya jefa makullin a aljihu. "Ni zan riƙa ja. Hajiya ta riƙa nuna min hanya."

An ci naman suna, ni ban san ɗanɗanonsa ba. Da la'asar suka wuce ni a hanyar Bungudu ina kan babur, ban san sun iso ba sai da Hajiya ta ɗago mini hannu.

Har yau masu auna hatsin Yaya ba su yafe mini ba, don na raba su da hirar da ta fi kowace daɗi. Ni kuwa na ɗauki darasi. Ba zan ce na daina yi da ɗan'uwana ba, ƙarya ba kyau. Amma duk majalisar da na je yanzu, kafin in ce uffan sai na nemi wurin da ke fuskantar titi.