Kamus da Waƙar Agwagi

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Tanimu, amma kowa Kamus yake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka bi. A majalisarmu ta bayan la'asar, ƙofar shagon Sabi'u tela, kujera mai hannu ɗaya ce tak, kuma ta Kamus ce. Mu sauran sai benci. Ai mai ilimi ba ya zaman benci, in ji shi.

Kuma ba ƙarya, yana zuwa da abin mamaki. Sai ya harɗe ƙafa ya ce, "Tozon raƙumi, me ke ciki?"

Mu ce, "Ruwa mana."

"Jahilci! Kitse ne. Ku je ku bincika."

Wani makon ya ce jemage ba tsuntsu ba ne, nono yake ba 'ya'yansa. Muka riƙe baki. In ka tambaye shi inda ya samo, sai ya buga ƙirji. Wai kowace safiyar Asabar kulle kansa yake a ɗaki yana nazarin manyan littattafai, ko gobara ta tashi kada a buga masa ƙofa. Ga shi da mugun hali guda: ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Ko a kan hanya ka yi suɓutar baki, sai ya tsallako titi ya gyara maka.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne wani shirin yara da gidan talabijin na jiha ke sawa, wanda wata Gwaggo Lanti ke koya wa ƙanana ƙirga da sunayen dabbobi da waƙe-waƙe. Da an ambace shi sai ya ja tsaki, mtsww. "Shirme! Ƙatuwar mace tana tsalle-tsalle. Ni ko da kuskure idona bai taɓa sauka a kansa ba."

Wata Asabar ruwan sama ya tsare Sabi'u a gidan 'yarsa, ya zauna dole cikin jikoki ana kallon Gwaggo Lanti. Sai ga ta da hoton gizo-gizo tana cewa, "Yara, ƙafarsa takwas, ku ƙirga da ni." Da la'asar Kamus ya iso, ya harɗe, ya yi gyaran murya.

"Gizo-gizo, ƙafarsa nawa?"

Sabi'u ya kusa haɗiye allurar da ke bakinsa. Sai da Kamus ya tafi ya rattaba mana. Wallahi mun ji haushi! Mu da gemunmu, ashe darasin 'yan rabin aji ake sayar mana a kan kujera mai hannu.

Washegari muka hallara da wuri, har da Baba Nagoma, dattijon majalisa. Kamus na zama Sabi'u ya ce, "Jama'a, jikokina sun ishe ni da waƙar agwagin nan ta Gwaggo Lanti. Har na haddace."

Kamus ya ja tsaki ya kau da kai.

Sabi'u ya miƙe, ya ɗaga hannu sama, ya rera da muryar gangan: "Agwagi bakwai sun hau bishiya…"

Kamus ya gyara zama.

"…uku sun faɗo, saura shida!"

Kamus ya cire hula, ya mayar. Gumi ya karyo masa.

Na ce, "Kai, Sabi'u, ka iya! Haka take daidai."

"Ƙwarai kuwa. A ƙarshe kuma sai a yi tafi ɗaya a zauna."

Wuf! Kamus ya miƙe, kujera ta kife. "Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Yaushe agwagwa ta hau bishiya? Biyar ne, kuma kududdufi suka shiga! Kuma hannu baya ake sawa, ba sama ba. Matsa!"

Ya ture Sabi'u. Ya tattare babbar riga, ya sa hannuwa a baya, ya duƙa, ya turo mazaunai. Sai ga Kamus yana tafiya tinƙis-tinƙis a gaban shago, murya siririya: "Agwagi biyar sun shiga ruwa, caɓal-caɓal! Ɗaya ta fito, saura huɗu, kwak-kwak!" Bai tsallake ko agwagwa ɗaya ba. Da ta ƙarshe ta fito ya yi juyi, ya yi tafi uku, raf-raf-raf, ya ɗaga hannu ya ce, "Mun gode, Gwaggo!"

Mai lemon da ke wucewa ya tsayar da baro. Mata biyu sun leƙo ta katanga.

A hankali Kamus ya sauke hannu. "Wato… a wani littafi na gani."

Baba Nagoma bai yi ko murmushi ba. Ya tayar da kujerar, ya kakkaɓe, ya zauna a kai abinsa. Sannan ya ce cikin ladabi, "Ba komai, Malam. Ni dai tambaya gare ni. Asabar mai zuwa wace dabba Gwaggo za ta kawo?"

Kafin Kamus ya kama bakinsa, amsa ta kuɓuce.

"Bushiya."